Tafkin Kainji: Yadda zangon masu yawon buɗe ido ya koma maɓoyar masu ɗauke da makamai

Shekara da shekaru, duk wanda ya tambayi inda zai je a Arewacin Najeriya ya kwana a daji, ya wayi gari yana kallon dorina a cikin ruwa, wurare biyu ake fara ambata masa: Yankari a Jihar Bauchi, da Kainji a tsakanin jihohin Neja da Kwara. Ɗaliban jami'o'i masu nazarin dabbobi da tsirrai, da ma'aikatan ƙasashen waje mazauna Najeriya, da iyalai masu neman inda za su huta a ƙarshen shekara, duk sun sha yada zango a Kainji.

Yanzu labari ya sha bamban. A watan Yunin 2024, mazauna yankin sun shaida wa kamfanin dillancin labarai na AP cewa gandun dajin ya shafe sama da shekara guda a rufe saboda barazanar masu ɗauke da makamai. Ba a daina kwana a dajin ba. Ana kafa sansani, ana hura wuta, ana ɗibar ruwa a kogunansa, sai dai masu yin hakan ba su nemi izinin hukuma ba, hukumar ma nemansu take yi.

Ga bayani kan tafkin da dajin da ke kewaye da shi, da yadda ake yada zango a can lokacin da ake zaune lafiya, da yadda wurin ya suɓuce, da kuma hukumomin da alhakin dawo da shi ya rataya a wuyansu.

Tafkin da madatsa ta haifar

Kafin shekarun 1960 babu wani tafki a Kainji. Kogin Neja ne, wanda Hausawa ke kira Kwara, yake gangarowa ta Yauri, yana ratsa duwatsu da tsibirai har ya wuce Bussa. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa a tsibirin Kainji, aikin da gamayyar kamfanonin Italiya mai suna Impregilo ta yi. An kammala a 1968, sannan Shugaban Ƙasa na mulkin soja Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Fabrairun 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa.

An tsara tashar lantarkin ne domin ta ɗauki injina 12 masu bayar da megawat 960, amma takwas aka girka, masu ƙarfin megawat 760. Tun daga 2013, lokacin da aka sayar da kadarorin lantarki ga 'yan kasuwa, kamfanin Mainstream Energy Solutions ne ke tafiyar da tashar bisa yarjejeniyar jingina, tare da ta Jebba da ke ƙasa da ita.

Ruwan da madatsar ta tare shi ya zama Tafkin Kainji. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 135, daga bakin madatsar har zuwa wajen Yauri a Jihar Kebbi, faɗinsa gaba ɗaya kuma ya haura murabba'in kilomita 1,200. A tsakiyarsa, inda ya fi buɗewa, wanda ke tsaye a wannan gaɓa ba ya hango waccan.

Tafkin bai samu a banza ba. Kimanin mutum 44,000 aka tasa daga ƙauyuka sama da 200 kafin ruwa ya shanye su. A cikinsu akwai Bussawa, da Gungawa mazauna tsibirai, da Kambari, da Lopawa, da Shangawa, da Sarkawa masunta. Tsohon garin Bussa, hedikwatar masarautar Borgu, inda Baturen nan mai bincike Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806, yana ƙarƙashin ruwa a yau. An gina wa mutanensa Sabuwar Bussa a kan tudu. Duk baƙon da ya kafa tanti a bakin tafkin, a gefen gonaki da maƙabartun wasu mutane ya kafa shi, kuma jikokin mutanen nan suna nan a kewaye. Ƙorafin da suka daɗe suna yi shi ne, sun bayar da ƙasarsu an haska Najeriya, su kuwa ƙauyukansu da dama suna kwana a duhu.

Yada zango tsohon abu ne a Borgu

Kwana a hanya a wannan yanki ya girmi yawon buɗe ido da ɗaruruwan shekaru. Ta ƙasar Borgu babbar hanyar fatake daga Kano zuwa Gwanja ta bi. Ayari yakan taso da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara a mafitan da ke tsakanin Yauri da Bussa ko a Illo, ya bi ta Nikki da Jugu a Jamhuriyar Benin ta yanzu, har ya isa Salaga a ƙasar Ghana, ya juyo da goro. Tafiya ce ta watanni, kuma kowane dare sai an sami inda za a sauke kaya.

Ayarin yana da tsari. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki kuma yana kula da tara kuɗin da za a biya masu ƙasa. Zango nagari shi ne mai ruwa, da ciyawar jakuna, da sarkin da zai karɓi haraji ya bayar da kariya. Inda ɗaya daga cikin ukun nan ya yi ƙaranci, fatake sukan sauya hanya, garin kuma ya yi asarar ciniki. Borgu ta yi suna a wancan zamani wajen masu tare hanya, shi ya sa ayari ba ya ratsa ta sai da yarjejeniya da sarakunanta.

A 1898 Ingila da Faransa suka raba ƙasar Borgu gida biyu. Bussa da Kaiama suka faɗo hannun Ingila, Nikki da Parakou suka tafi hannun Faransa. Iyakar da aka shata ba ta raba dangi da kasuwanni da hanyoyin shanu ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga fahimtar halin da ake ciki yanzu.

Gandun daji na farko a Najeriya

A 1979 gwamnatin soja ta haɗe gandun namun daji na Borgu da na Zugurma, ta kafa Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji. Shi ne na farko da ya sami wannan matsayi a Najeriya. Faɗinsa murabba'in kilomita 5,340 ne, wato ya fi Jihar Legas girma. Sashen Borgu, mai kimanin murabba'in kilomita 3,970, yana yamma da tafkin, ya miƙa har kusa da iyakar Benin. Sashen Zugurma, mai kimanin 1,370, yana kudu maso gabas. Sassan biyu ba sa haɗe da juna.

Daji ne na doka da kawo da maje da marke da kirya, ga kaɗanya da ɗorawa da madobiya. Namun da aka san shi da su sun haɗa da gwanki, kanki, mariya, gwambaza, mazo, ɓauna, gadu da gwaggon biri, sai dorina da kada a cikin ruwa. Abin da ya fi ɗaga darajarsa a idon masana shi ne zaki. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya gano cewa a faɗin Afirka ta Yamma, wurare huɗu kacal suka rage da zakuna: Niokolo-Koba a Senegal, da rukunin gandayen W da Arly da Pendjari da ke tsakanin Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Kainji da Yankari. Binciken ya ƙiyasta cewa manyan zakunan da suka rage a yankin baki ɗaya ba su kai 250 ba.

Baƙi sun fi sauka a sashen Borgu, saboda a nan aka fitar da hanyoyin mota na kallon namun daji. Babban zangon baƙi yana bakin Kogin Oli, wanda ya ratsa sashen kafin ya faɗa Kwara. An gina ɗakunan kwana da wurin cin abinci a can, kusa da gurbin da dorinai ke taruwa da rani. Masu son bakin tafkin kansa sukan sauka a masaukan Sabuwar Bussa, su yi yawo a jirgin ruwa, su ziyarci madatsar, ko su nufi gaɓar yashi irin ta Shagunu a yammacin tafkin.

Sabuwar Bussa ta zama garin masu bincike. A nan Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa take, wadda ta samo asali daga aikin nazarin tafkin da aka fara a 1968, haka nan Kwalejin Tarayya ta Koyon Kula da Namun Daji. Ga ɗaliban wannan kwaleji, kwana a daji wani ɓangare ne na karatu.

Yadda ake yada zango a can

Doka ba ta yarda kowa ya kutsa gandun dajin ƙasa ya kafa tanti inda ya ga dama ba. Dokar Hukumar Kula da Gandayen Dajin Ƙasa ta 1999 ta haramta shiga ba tare da izini ba, ta kuma haramta farauta, da kiwo, da sare itace, da kamun kifi, da cinna wa daji wuta, da shiga da makami. Baƙo yakan yi rajista a ofishin gandun, ya biya kuɗin shiga, a haɗa shi da jami'in gandun daji da zai yi masa rakiya. Ba a fita daga mota a tsakiyar daji sai inda jami'in ya amince, ba a kwana sai a wuraren da aka keɓe.

Lokacin ziyara shi ne rani, daga wajen Disamba zuwa faɗuwar ruwan farko. Da damina ciyawa takan fi tsayin mutum, hanyoyi su caɓe, rafuka su cika su yanke hanya. Da kaka ta wuce, jami'an gandun sukan ƙone ciyawa sashe-sashe tun ba ta gama bushewa ba, domin kada gobarar tsakiyar rani ta cinye dajin, kuma sabon tsiro ya jawo namun daji fili. Da sassafe da kuma la'asar sakaliya ake fita kallo, lokacin da dabbobi ke zuwa shan ruwa. A watannin Disamba da Janairu hunturu yakan sa dare ya yi sanyi ƙwarai a bakin ruwa, daga Maris kuwa zafi ne mai tsanani.

Wanda zai kwana a gaɓar tafkin dole ya san cewa bakin ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ambaliya biyu ke ciyar da Kainji a shekara. Ta farko ita ce wadda masana ke kira farin ruwa, mai laka, da ke zuwa daga ruwan saman da aka yi a yankin, tsakanin Agusta da Oktoba. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa fadamun Mali ya tace, ya iso Kainji bayan watanni, a tsakiyar hunturu. Saboda haka tafkin yakan cika maƙil a lokacin da ko ɗigon ruwan sama ba a yi, ya ja baya a farkon damina. Bambancin yakan kai mita da yawa. Filin da ruwa ya janye ya bari ba kango ba ne, manoma suna shuka a cikinsa, kuma daga irin wannan noma ne albasar Yauri ta yi suna. Kafa tanti a wurin sai da sanin mai gona da mai unguwa.

Haɗurran da suka riga 'yan bindiga

Ko a lokacin zaman lafiya, kwana a bakin wannan ruwa yana da nasa haɗurra. Dorina da rana take zama a ruwa, da dare ta fito tudu ta yi kiwo, kuma hanya ɗaya take bi kullum. Tantin da aka kafa a kan hanyarta, ko mutumin da ya shiga tsakaninta da ruwa, yana cikin haɗari babba. Kada kuma yakan yi kwanto a inda ake yawan ɗibar ruwa ko wanke kifi.

Cututtuka sun fi namun daji ɓarna. Sauro yana nan duk shekara, don haka gidan sauro wajibi ne. Ruwan da ke kwance a gefen tafki matattarar ƙananan dodon koɗi ne, masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Ƙwayar tana shiga ta fatar mai wanka ko mai tafiya a ruwa, alamarta da aka fi sani ita ce jini a fitsari, kuma tana da magani idan an je asibiti da wuri. A inda koguna ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu, akwai ƙaramin baƙin ƙuda mai yaɗa cutar makanta, a cikin kurmi kuma akwai ƙudan tsando. Ruwan sha sai an tafasa.

Mafi muni shi ne haɗarin jirgin ruwa. Lokacin da tafkin ya cika, ya shanye itatuwa masu yawa a tsaye, kututtukansu kuma suna nan a ƙarƙashin ruwa har yau. Idan aka haɗa da tsofaffin jiragen katako, da lodin da ya wuce kima, da tafiyar dare, da iskar farkon damina, sai a sami abin da ya faru ranar 26 ga Mayun 2021 kusa da garin Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi. Jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya tsage ya nutse, kaɗan daga cikinsu aka ceto da rai. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa, amma aiwatar da dokar a ɗaruruwan mafitai na ƙauye shi ne inda gizo ke saƙa.

Yadda dajin ya suɓuce

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun kafin a fara jin labarin masu iƙirarin jihadi, gandun yana fama da mafarauta, da makiyaya masu shigo da shanu, da masu sare itace da ƙona gawayi. Cinikin katakon madobiya zuwa ƙasar Sin ya yi tashe a Najeriya a shekarun 2010, har ya kai ga dakatar da ƙasar daga fitar da shi a 2018 ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Kowace irin wannan sana'a tana buɗe hanya a cikin daji, tana kawo kuɗi, tana kuma buƙatar wanda zai kawar da kai ko ya bayar da kariya. Masu makamai da suka zo daga baya sun tarar da hanyoyin a buɗe.

Shekarar 2021 ce ta fito da lamarin fili. Ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, kuma sai a 2023 aka sako 'yan matan da suka rage a hannunsu. A watan Satumba na shekarar aka sace Dodon Wawa, hakimin garin da ke bakin gandun. A watan Oktoban 2022 wasu mahara suka kai farmaki barikin soja na Wawa, inda ake tsare da waɗanda ake zargi da alaƙa da Boko Haram, kuma inda aka fara yi musu shari'a tun 2017. Sojoji sun daƙile harin.

A watan Yunin 2024, cibiyar nazari ta Clingendael da ke ƙasar Holan ta fitar da rahoto kan iyakar Najeriya da Arewacin Benin. Rahoton ya ce masu tsattsauran ra'ayi daga yankin Sahel sun ƙetaro ta Benin sun sami wurin zama a gandun Kainji, ya kuma yi gargaɗin cewa dajin na iya zama mahaɗa tsakanin ƙungiyoyin Sahel da na Najeriya. A 2025 jaridu suka cika da labarin wata ƙungiya da ake kira Mahmudawa, wadda mazauna Kaiama da Baruten a Kwara da Borgu a Neja suka ce tana karɓar haraji daga makiyaya da manoma da masu katako, tana yanke hukunci a tsakanin jama'a, tana kashe wanda ya bijire.

A watan Agustan 2025, Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, Nuhu Ribadu, ya sanar da kama shugaban ƙungiyar Ansaru, Mahmud Muhammad Usman da aka fi sani da Abu Bara'a, tare da Mahmud al-Nigeri, wato Malam Mamuda, wanda ya ce shi ke jagorantar mayaƙan da ke ɓoye a gandun Kainji da kewayensa. Kamen bai kawo ƙarshen hare-hare ba. A ƙarshen Oktoba, ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida ta yi iƙirarin kai harinta na farko a Najeriya, a Jihar Kwara kusa da iyakar Benin. Ranar 21 ga Nuwamba kuma aka sace ɗalibai sama da 200 da malamansu daga makarantar St. Mary's ta mabiya ɗariƙar Katolika a Papiri, cikin ƙaramar hukumar Agwara da ke yammacin tafkin. An sako su rukuni-rukuni a watan Disamba.

Duk wannan yana faruwa ne a yankin da ba ya rasa jami'an tsaro. Baya ga barikin Wawa, akwai sansanin sojan sama na Kainji, inda aka girke jiragen yaƙi samfurin Super Tucano guda 12 da Najeriya ta sayo daga Amurka, waɗanda suka iso a 2021. Jirgin sama yana iya ruwan wuta a kan sansani, amma ba ya kwana a daji. Wanda yake kwana a wuri shi yake sanin mai shiga da mai fita, kuma shi mutanen ƙauye ke tsoro ko dogaro da shi.

Abin da ya faru a maƙwabta

Kainji ba ita kaɗai ba ce. Ranar 1 ga Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a gandun Pendjari na ƙasar Benin, aka kashe ɗan ƙasar da ke yi musu jagora. Sojojin Faransa sun ceto su a Burkina Faso, inda biyu daga cikin sojojin suka mutu. Ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu a Kure, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa kusa da Yamai. A watan Fabrairun 2022 nakiyoyi suka halaka mutum tara a gandun W ɓangaren Benin, akasarinsu ma'aikatan gandun.

Dalilan da suka sa gandun daji ke jan hankalin masu makamai iri ɗaya ne a ko'ina. Akwai ruwa da nama da inuwar da ke ɓoye mutum daga sama. Babu ƙauyuka a ciki, don haka babu idon jama'a. Yawancinsu suna kan iyaka. Sannan a gefensu akwai mutanen da aka hana kiwo da noma da farauta a ƙasar kakanninsu, waɗanda ke da tsohon ƙulli da hukuma. Wanda ya zo da bindiga ya ce ya buɗe musu daji, su biya shi kaɗan, ba ya rasa masu saurarensa da farko.

Benin ta damƙa tafiyar da Pendjari ga ƙungiyar African Parks a 2017, ta ƙara mata da W a 2020, ta kuma tura sojoji. A Najeriya, gandun Gashaka-Gumti da ke Taraba da Adamawa yana aiki da gidauniyar ANI tun 2017, wadda ke taimakawa wajen horar da jami'ai da samar da kayan aiki. Irin wannan haɗin gwiwa yana kawo kuɗi da ƙwarewa, amma abin da ya faru a Benin ya nuna cewa jami'in gandun daji, komai horonsa, ba soja ba ne.

Alhakin wa ne?

Kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya gandayen dajin ƙasa a jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Hukumar Kula da Gandayen Dajin Ƙasa, da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, ita ke riƙe da Kainji da sauran shida: Tafkin Chadi, Gashaka-Gumti, Kamuku, Kuros Riba, Okomu da Tsohuwar Oyo. Yankari ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara guda goma, ciki har da Falgore a Kano da Allawa a Neja, waɗanda su ma suke da matsalar tsaro. Ƙarin gandaye yana nufin ƙarin ƙasar da za a tsare, don haka kasafin kuɗin hukumar da yawan jami'anta abin bibiya ne a kowace shekara.

Soja da 'yan sanda na Tarayya ne. Ƙauyukan da ke kewaye kuwa, da hanyoyinsu da makarantunsu da asibitocinsu, suna wuyan gwamnatocin Neja da Kwara da Kebbi da ƙananan hukumominsu. Hukumar HYPPADEC, wadda aka yi dokar kafa ta a 2010 amma ba ta fara aiki ba sai bayan kimanin shekara goma, an samar da ita ne domin raya yankunan da madatsun lantarki suka shafa. A watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da ɗaukar dakarun tsaron daji masu ɗauke da makamai a faɗin ƙasar. Hukumomin suna da yawa, kuma yawan nasu yakan ba kowace damar nuna 'yar'uwarta da yatsa.

Asarar ba ta tsaya kan baƙin da suka daina zuwa ba. Akwai direbobi da masu dafa abinci da masu jiragen ruwa da masu sayar da giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa, waɗanda cinikinsu ya dogara da baƙi. Akwai ɗaliban da ke karatun namun daji ba tare da shiga daji ba. Akwai makiyayi da manomi da ke biyan haraji ga wanda ba su zaɓa ba. Akwai kuma zakunan da ƙidaya su ma ta zama aikin kasada. Bukukuwa irin su Rigata a Yauri da Gani a Borgu, waɗanda za su iya jawo dubban baƙi zuwa bakin tafkin, suna gudana ne a ƙarƙashin wannan fargaba.

A halin da ake ciki, kwana a cikin gandun ko a gaɓar tafkin da ke nesa da gari kasada ce da rai. Mai niyyar zuwa yankin sai ya fara tuntuɓar hukumar gandun da jami'an tsaro, ya tsaya a cikin gari, ya guji tafiyar dare ta ƙasa ko ta ruwa.

Alamomin da za su nuna ko al'amura sun fara gyaruwa a bayyane suke: komawar jami'an gandun wuraren aikinsu na cikin daji su kwana a can, dainawar biyan haraji ga masu makamai a ƙauyukan Borgu da Kaiama da Agwara, da sake buɗe zangon Oli ga ɗalibai da baƙi. A tsarin fatake, jagaba ne ke wucewa gaba ya tabbatar hanya lafiya kafin ayari ya biyo. Kalmar sananniya ce a siyasar yau, domin marigayi Sarkin Borgu Haliru Dantoro ya naɗa Bola Tinubu sarautar Jagaban Borgu tun yana Gwamnan Legas. Mai riƙe da sarautar shi ne yanzu Babban Kwamandan Askarawan Najeriya, kuma mafi yawan dajin da ake magana a kai yana cikin ƙasar Borgu.